Safiyar da Iska Ta Kwanta

Azumin bana ya faɗo cikin sanyi. Tun da aka ga wata, iskar arewa ke kaɗawa a Arba wa Nus, unguwarmu a nan Masar, tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, tana kwasar ledoji daga bola tana rataya su a wayoyin wuta. Na toshe taga da tsohon zane, amma gwiwoyina sun san tana nan. Yaran unguwa murna suke yi, wai azumin sanyi ba shi da ƙishirwa. Ni na taɓa yin azumin sanyi wanda ƙishirwarsa ta fi ta kowace bazara.

Mu uku ne a ɗakin nan tun da yaƙi ya koro mu daga Hartum: ni, da 'yata Batula, da 'yarta Sumayya. Batula 'yar fari ce, ba na kiran sunanta, Yarinya nake ce mata, ga ta da furfura da ciwon baya. A rubuce ne kawai na iya sa sunan. Rubutun ma jiya-jiya na koya, wajen wata matar ɗalibi 'yar Sakkwato da take zuwa sayen humra a wurina. Ta ce tsohuwa mai baki irin nawa bai kamata a binne ta da bakin ba. To ga shi. In kun ga layi ya karkace, hannun ya fi sabawa da muciya.

Sana'ata turaren wuta da humra. Wanda ya san humra ya san farce, ɗan abin nan mai kama da farcen mutum, da ake kankarewa a soya a daka, shi ke riƙe ƙamshi a jikin tufa. Masu saye da yawa sun ɗauka itace ne ko ƙaho. Murfin bakin dodon koɗi ne na teku. Ni na san inda ake ciro shi, don na ciro shi da hannuna.

Ranar nan da la'asar ina zaune ina kankarar farce, Yarinya na tuƙa asida, tuwonmu na can, sai ga Sumayya ta dawo daga Ma'adi, inda take aikin gida wurin wasu Turawa. Ta yar da jaka tana dariya. Habboba take ce mini, wato kaka.

"Habboba, yau na ga hauka. Ɗan Madam ya ɗaure wani allo, ya fi ƙofar nan tsawo, wai jirgi zai hau da shi zuwa wani tsibiri can gaba da Indiya."

"Karatu zai je yi da allon?"

"Ruwa zai hau. Igiyar teku. In ta taso sai ya miƙe tsaye a kan allon ta ɗauke shi."

"Kifi yake kamawa?"

"Ba ya kama komai. Wasa ne."

"To Allah ya ba uwarsa haƙuri."

"Bari ki gani, ya turo mini."

Ta danna waya ta kawo kusa da fuskata. Idona bai ga komai ba, tabarau na ƙarƙashin filo. Kunnena ne ya ji. Ƙarar nan mai zurfi, kamar katanga ta faɗi a nesa, sannan ruwa ya ja da baya yana huci, sannan shiru, sannan wata katangar. Wuƙa ta zame ta yanke ni a babban yatsa.

"Kashe abin nan."

"Habboba, ba ki ma duba ba."

"Na ce kashe."

Yarinya ba ta juyo ba. Ta ce, "Sumayya, yalla, je ki jiƙa abre na shan ruwa, magariba ta kusa," muciya na tafiya kamar ba a yi komai ba. Ita ba ta son zancen teku. Ni kuma tun daga ranar nan teku ta ƙi fita daga ɗakin.

Mu mutanen kogi ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Kabi da ƙafa za su Makka, suka iso bakin Nilu wajen Mai Wurno, suka ga ruwa da kifi irin na gida, suka sauke kaya. Uban mijina shi ne sarkin ruwan ƙauyenmu. Mijina kuwa a cikin kwalekwale ya yi rarrafe. Yana iya kallon fuskar kogi ya gaya maka inda rami yake da inda kada ke kwance. Ba yabon miji nake yi ba, yana da taurin kai da son yaji, amma ruwa ya san shi.

Shi ne ya ce tafiyar da kakanni suka bari a rabi, mu za mu ƙarasa. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Bortsudan, can bakin teku, da Yarinya a goye. Kafin hanyar Jidda ta samu, sai ya sami aikin nutso wurin wani mai sambuk, babban jirgin katako mai tafiya da iska. Ana kai mutane wani tsibiri arewa da gari, maza su yi nutso su kwaso dodon koɗi, mata su gyara. Sambuk ya riƙa zuwa yana kawo ruwan sha da garin dawa, ya kwashi kaya ya koma.

Tsibirin ban san sunansa na takarda ba, Jazira kawai muke cewa. Farin yashi ne da tsakuwa, in ka tsaya a wannan baki kana hangen wancan. Ba rijiya, ba inuwa, sai wasu gajerun itatuwa masu tsayuwa cikin ruwan gishiri, da su muke girki. Duwatsu masu kaifi sun zagaye shi a ƙarƙashin ruwa kamar katangar gari, sha'ab ake ce musu. A cikin katangar ruwa kore ne, a kwance. A bayanta ruwa baƙi-baƙi ne, ba a san ƙasansa ba. Wuri ɗaya ne tak katangar ta tsage, inda jirgi ke shiga da fita. Mu muka sa masa Ƙofa.

Yawancin mutanen wurin 'yan bakin tekun ne, masu tarin gashi da yarensu na daban. Babbansu wani tsoho ne, Ohaj, siriri kamar sanda, ido ɗaya ya mutu. Da Larabci suke magana da mijina, kullum cikin tsiya.

"Ɗan ruwan daɗi, yau ma ka sha teku?"

"Na ɗanɗana, Baba Gishiri. Wanda ya dafa muku miyar nan hannunsa ya yi nauyi."

Amma a nutso ba wanda ya kai mijina jimawa a ƙasa. Ohaj da bakinsa ya faɗa.

Da hantsi maza su fito da kwanduna su zube mana a yashi. Mu tafasa da ruwan teku a garwa, mu zaro naman, mu yanke farcen da wuƙa mu ware shi gefe. Naman a yanyanka a shanya a tabarma, katantanwar a tara tsibi don masu yin maɓalli. Wari kuwa kar ku tambaya. Ƙuda ban san daga ina yake zuwa ba a wurin da ba kowa. Hannayena suka tsattsage, gishiri na shiga. Ina yi ina mamaki, wai wannan abu mai wari shi amare ke shafawa.

A can ba a lissafin shekara da damina da rani, da iska ake yi. Matar Ohaj ce ta koya mini. Mun iso a ƙarshen zafi, lokacin da teku ke kwana kamar tabarma, sai rana ta take wata iska mai zafi ta gangaro daga duwatsun gaɓa ta busar da miyau. Bayanta sai azyab, iskar kudu mai laima, gishiri ya narke a gwangwani, wanki ya ƙi bushewa, mutum ya tashi da gaɓoɓi a mace. Ita ba ta da mugunta, tsibirin ya kare Ƙofa daga gare ta. Sai shamal, iskar arewa ta lokacin sanyi, wadda Ƙofa ke kallo baki da baki. Ka'ida ita ce a kwashe mutane kafin shamal ta yi ƙarfi. A shekarar nan koɗi ya yi yawa, mai sambuk ya ce a ɗan ƙara. Shamal kuma ta zo da wuri, tare da watan azumi.

Ban taɓa ganin iska mai rashin gajiya irinta ba. Guguwar gida takan zo ta yi ɓarna ta wuce. Wannan zama ta zo yi. Ta kwana, ta wuni, ta sake kwana. Bukkokinmu na tabarma muka danne da duwatsu, muka juya bakinsu kudu. Yashi a tuwo, yashi a ido, yashi a kunnen Yarinya. Sha'ab gaba ɗaya ya zama fari fat, ruwa na dukansa yana tashi sama, feshin na isowa har murhu. In ka lashi leɓenka gishiri. Sai an ɗaga murya ake jin juna. Ƙofa ta ɓace, ba ka gane ta daga sauran katangar. Nutso ya tsaya. Maza suka zauna a bayan bukka lulluɓe da buhuna, suna kallon inda sambuk ya saba ɓullowa.

Bai ɓullo ba. Ba jirgin da zai tunkari Ƙofa a haka.

Abinci da sauƙi, ga busasshen naman koɗi, ga ɗan gari. Ruwa ne matsalar. Aka taru aka damƙa wa Ohaj duron ƙarshe, ya ja shi cikin bukkarsa ya zauna a kai. Da magariba kowa ya zo da ƙwaryarsa, ya auna masa da gwangwanin madara. Daga baya ya koma rabin gwangwani. Daga baya finjalin gahawa. Azumin ya taimake mu, da ba don shi ba da an yi ta faɗa da rana. Da yake bakin kowa a rufe yake, sai rana ta faɗi ake jin ciwon rabon. Alwala da ruwan teku. Tuwo mu sirka masa ruwan teku, ya ƙara mana ƙishin da muke gudu. Muka shanya zannuwa don raɓa, da safe mu matse, ita ma gishiri. Ga sanyi yana kaɗa haƙora, ga harshe ya zama kamar guntun fata a baki. Wanda bai yi ba zai ce ba a haɗa sanyi da ƙishirwa. Ana haɗawa.

Abin da ya fi ciwo, gaɓa na nan a gabanmu. Da safe duwatsunta su fito jajaye, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A gindinsu akwai wani kwari mai rijiya, ruwan da ɗan zartsi amma ana sha. Ranar lafiya, mutum ɗaya a ƙaramin kwalekwale zai je ya dawo kafin la'asar.

Ni Ohaj ya hana ni azumi, ya ce mai shayarwa Allah ya ɗauke mata. Na ajiye, amma ajiye azumi ba ya cika duro. Mijina yakan karɓi finjalinsa ya jiƙa leɓe, ya juye sauran a nawa. In na yi magana ya ce, "Na sha a teku, ba ki ji Baba Gishiri na faɗa ba?" Duk da haka nono ya ɗauke. Yarinya ta ja, ta ja, ta cije ni, ta saki. Kafin iskar tana rarrafe, sai ta daina. Ta yi kuka ba hawaye, daga baya kukan ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. Wata yamma na shafa kanta na ji maɗigarta ta faɗa ciki, har yatsana na zama a ramin. Na kama hannun ubanta na ɗora a wurin.

Washegari shiru ne ya tashe ni. Tabarmar bukka ba ta motsi. Na fito na hura wuta don in ɗuma wa Yarinya jiki, hayaƙi ya miƙe sama sak kamar an ja shi da zare. Mijina ya fito ya tsaya yana kallon hayaƙin. Na ga haƙoransa, rabona da dariyarsa tun farkon wata.

A nan sai in gaya muku abin da muka sani. A kogi, in iska ta kaɗa ruwa ya tashi, in ta kwanta, kafin ka gama alwala ruwa ya kwanta. Duk ɗan masunci a garinmu da hayaƙi ake koya masa. Ka dubi hayaƙin murhun uwarka, in ya karkata ka ɗaure jirgi, in ya miƙe ka tura. Uban mijina da wannan ya tsufa, bai taɓa rasa mutum ba. Ba jahilci ba ne. Gaskiya ce, a kogi.

Teku ma a ido ta ba mijina gaskiya. Farin kumfan nan da ya rufe ko'ina ya tafi. A cikin katanga ruwa kamar man gyaɗa a faranti. A waje ma santsi, sai dai yana ɗagawa a hankali yana sauka, kamar ƙirjin mai barci. Jefi-jefi wasu dogayen igiyoyin ruwa su taho a jere, su tashi a kan sha'ab su faɗi da ƙarar nan, sannan a yi shiru mai tsawo har Ƙofa ta fito sarai, kore, a buɗe.

Ya ja kwalekwale zuwa bakin ruwa. Ohaj ya taho da sauri yana tuntuɓe, ya riƙe bakin jirgin.

"Ina zuwa, ɗan ruwan daɗi?"

"Rijiya. Iska ta kwanta."

"Ta kwanta a nan. Abin da ta turo daga arewa yana hanya, bai gama isowa ba. Yau ne ma manyan igiyoyin ke zuwa. Ka bari gobe, ko jibi."

"Baba, dubi hayaƙi."

"Ni ba hayaƙi nake dubawa ba. Saurara." Ya ɗaga yatsa. Wata ta faɗi a kan sha'ab, ƙasa ta amsa a tafin ƙafata. "Ka ji? Na lokacin iska ƙanana ne masu hayaniya. Waɗannan ɗaya-ɗaya suke zuwa, da nauyinsu."

"Akwai fili a tsakaninsu. Na duba, zan wuce."

"Wadda ka duba ta wuce. Wadda ke zuwa ba ka gan ta ba."

"Ka taɓa kan yarinyar nan?"

Ohaj ya kawar da kai.

"Je ka taɓa, sannan ka ce mini jibi."

"Zan ba ta finjalina. Da na matata."

"Finjali," in ji mijina, ya yi wata dariya mara daɗi.

Ya juyo ya dube ni. Ni ma 'yar kogi ce, abin da ya sani shi na sani. Na shiga bukka na kwaso salkuna, jakunkunan fatar da muke ɗiban ruwa, na zuba masa a jirgi. Ohaj ya saki bakin jirgin ya koma gefe yana magana da yarensu. Mijina ya sunkuya ya shafa kan Yarinya a bayana. Ya ce, "Ki tanadi tukunyar kunu. Da ruwan rijiya za mu buɗe baki yau."

Ya tuƙa har bakin Ƙofa ya tsaya. Ba gaggawa ya yi ba, ina so a san wannan. Ya bar wasu manya suka faɗi, ya jira kumfa ya baje, ruwa ya lafa, sannan ya sunkuya ya zuba ƙarfi. Jirgin ya shige tsakiyar Ƙofa kamar kibiya. Wani a cikin mazan ya ce, "Ya fita, ya fita." Sai na ga can gabansa, inda teku ta haɗu da sama, wurin ya yi duhu ya ɗago.

Ba ta zo da hayaniya ba. Ta taho sumul, ta yi ta tashi, ta yi ta tashi, har rana ta haska ta cikinta, kore kamar kwalba. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba, kuma har yau ina jin haushin idona da ya ga haka. Ya juya hancin jirgi ya fuskance ta, daidai yadda ake yi. Jirgin ya hau, ya hau, ya miƙe tsaye. Sai bakinta ya lanƙwaso ya rufe shi kamar an naɗe tabarma.

Na tsaya ina jira ya fito ta ɗaya gefen. Mutumin da ya fi kowa jimawa a ƙarƙashin ruwa. Wata ta zo ta faɗi a wurin, wata ta bi ta. Kumfa ya baje fari, ya lafa, Ƙofa ta sake buɗewa, ba kowa a ciki.

Jirgin ya shigo da hantsi, a rabe gida biyu. Salkuna suka biyo baya ɗaya-ɗaya, suna yawo a ruwan nan mai kwanciya har bakin yashi. Shi bai fito ba. Maza sun bi katanga ta ciki har rana ta faɗi, duwatsu suka yayyanka musu ƙafafu. Ba a sami abin wankewa ba, ba a sami abin binnewa ba. Aka yi masa salla a kan yashi ba gawa a gaba. Da magariba matar Ohaj ta zo da ƙwarya: rabona, da nata, da na mijinta, da na mijina, don har ranar da shi aka auna. Na ɗiɗɗiga wa Yarinya da tsumma.

Kashegari igiyoyin suka ragu. Wanda ya biyo shi teku ta kwanta gaba ɗaya, ciki da waje, yadda tsohon ya faɗa. Shi da kansa ya kwashi salkunan nan ya shiga wani jirgin, ya wuce Ƙofa kamar mai ƙetare kududdufi, ya dawo kafin la'asar. Ya ajiye salka a gabana bai dube ni ba. Ni ma ban dube shi ba. Har muka rabu bai taɓa cewa ai na faɗa ba.

Ba a jima ba kuma hadari ya haɗo. A bakin tekun nan da sanyi ake ruwan sama, ni ban sani ba sai ranar. Aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mata suka fito da tukwane da garewani, har katantanwar da muka tara aka jejjera bakinta sama, kowace ta cika. Duro ya cika ya zube. Ina zaune a bakin bukka cikin takaba, ruwan daɗi na bin wuyana yana shiga zane, yana gudu a kan yashi yana komawa teku a banza. Nono ya dawo. Yarinya ta kama ta sha har ta yi gyatsa, maɗigarta ta ciko. Na dube ta na rasa abin da zan ji.

Sambuk ya zo gab da salla. Mai shi ya ce ma'alesh, wato a yi haƙuri, ya ce ƙaddara. Gaskiya ya faɗa, amma da ya yi shiru ya fi.

Na koma Bortsudan, na raɓu da wata tsohuwa mai haɗa humra, tunda farce na riga na san shi. Na sake aure, na haifi wasu, na binne wasu. Makka na je da tsufa, a jirgin sama. Aka ba ni kujerar taga, na roƙi wani bawan Allah muka yi musanya. Yarinya kuwa ta ji labarin a bakin mutane kafin ta ji a nawa. Wata mai dogon baki ta ce mata, saboda ke ubanki ya mutu. Tun daga nan ba ta tambaye ni ba, ni ma ban iya farawa ba.

Shekaranjiya iskar Arba wa Nus ta kwanta. Na cire zanen taga da safe, na ga shanyar maƙwabta a rataye ba motsi, hayaƙin bolar da ake ƙonawa a bayan gidaje ya miƙe sak. Na wuni ban kankare farce ko ɗaya ba. Da Sumayya ta dawo na ce ta zauna.

"Ke 'yar Masar, yaron nan na gidan aikinku ya tafi?"

"Tukuna. Me ya faru, za ki bi shi ne?"

"Rufe min baki. Da wace iska suke shiga ruwan?"

"Kin ga kuwa na tambaye shi, don kullum yana kallon wasu kibiyoyi a waya. Ya ce ba sa son ranar iska, ruwa a yamutse yake. Sai iska ta yi kwanaki tana bugawa can nesa, sannan ta kwanta, to da sassafe manyan ke isowa, sumul. Wai ita ce ranar da suke nema, saboda ita ake yin tafiyar. Kowane tsibiri da watanninsa."

"Ya san haka?"

"Su duka sun sani, Habboba. Wayar ma tana gaya musu tun ranar ba ta zo ba."

Muciya ta tsaya a tukunya.

Na ce, "Miƙo min tabarau. Kawo abin nan."

Ga ta nan. Ba tamu ba ce, akwai itatuwan kwakwa a bayanta, amma ita ce. Sumul, tana tashi, rana a cikinta. Wani ɗan mutum a kan allo ya gangaro ta gabanta, bakinta ya lanƙwaso ya rufe shi. Yatsan nan da na yanke yana bugawa. Sai ga shi ya fito ta ɗaya gefen, a tsaye, yana share ruwa daga fuska.

"Sake sawa."

Ta sake. Ya shiga, ya fito.

"Sake."

"Habboba, caji zai ƙare."

"Ya ƙare."

Ban ji tahowar Yarinya ba, sai numfashinta a kafaɗata. Ta kalla har ƙarshe.

"Haka take, Inna?"

"Haka take. Tamu ta fi kore."

"Ya ji tsoro?"

"Ban ga alama ba. Juyawa ya yi ya fuskance ta." Na cire tabarau. "Ba saboda ke ya mutu ba, hayaƙi ya duba. Saboda ke dai ya tafi."

Aka kira magariba a masallacin lungu. Ta je ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙo mini, na tura mata shi.

"Sha tukuna."

"Inna, ke ce babba."

"Sha, na ce."

Ta zauna a bakin katifa ta ɗaga kofin. Na zuba wa maƙogwaronta ido yana motsi, har ta shanye.